Yaya, a Wace Tasha Za a Nuna Shi?

Mai karatu, akwai wata tambaya da ƙanwata ta yi mini bara wadda har yau nake jin nauyinta. Ina so in ba ka labarinta, domin na san ko a gidanku ko a maƙwabta ba za a rasa uwar da ta taɓa yin irinta ba.

Ɗanta na fari ne ya samu shiga wata ƙungiya da ke buga gasar Firimiyar Najeriya. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, kada in ja wa yaron magana. Yaron nan tun yana firamare yake shan duka a kan ƙwallo. Ni kaina na sha kamo shi a filin bayan layinmu lokacin da ya kamata a ce yana Islamiyya, ƙafa furu-furu da ƙura, jakar littattafansa kuwa ita aka ajiye a matsayin turken gola. Ranar da ya sa hannu a takarda gidan Hajiya ya cika, aka yi addu'a, aka dafa shinkafa da kaji, waɗanda suka fi kowa dukansa a da su ne suka fi kowa sa masa albarka. Bayan mako uku, ran Juma'a da daddare, ƙanwata ta kira ni.

"Yaya, an ce jibi za su buga. A wace tasha za a nuna shi? Ina so in gaya wa matan gidanmu su shigo mu kalla."

Na ce mata ta ba ni minti biyar. Na ɗauki rimot na bi tashoshin wasanni ɗaya bayan ɗaya. Ga Ingila, ga Sifaniya, ga Italiya, har da wani wasan da ake bugawa da sanda a kan ciyawa wanda ban san kansa ba. Duk wata sai na biya kuɗin dikodar nan kafin in sayi wasu abubuwan da suka fi ta amfani, amma ban ga inda za a nuna ɗan ƙanwata ba, alhali garin da za su buga bai kai tafiyar awa huɗu daga ƙofar gidana ba. Na kira ta na ce, "Ki bari zan bincika." Ta ce, "To, Yaya." Wannan "to" ɗin nata ya fi zagi ciwo.

Da safe na wuce wurin ƙanenmu, wanda yake da gidan kallon ƙwallo a bakin titi: rumfar kwano, benci goma sha biyu, talabijin uku, janareto a baya. Na same shi yana rubuta wasannin mako da alli a jikin allo. Na ce masa ko akwai dabarar da za a yi a haska wasan yaron gobe. Ya juyo ya dube ni, ya nuna allon da allin hannunsa.

"Yaya, ko da ana nunawa, dubi abin da ke nan. Gobe ƙarfe huɗu da rabi manya biyu ne za su haɗu a Landan. Mutum ya biya naira ɗari biyu ya zauna, sai in sa masa wasan gida? Wallahi benci za su karya mini a ka."

Ban ji haushinsa ba, don gaskiya ya faɗa. Kuma idan za a kama masu laifi, da ni za a fara. Tun 1999 da Kanu ya koma Arsenal na ba ƙungiyar nan zuciyata, ban karɓo ta ba har yau. Abokaina wasu Okocha ne ya ja su Bolton na ɗan lokaci, wasu kuma Mikel ya kai su Chelsea a 2006 suka yi zamansu. Ina iya lissafa maka 'yan wasan bencin Arsenal, amma ka tambaye ni wanda ke tsare wa Kano Pillars raga a bana sai na tsaya tunani. Ɗana ƙarami kuwa da aka tambaye shi ƙungiyarsa ta gida, cewa ya yi Manchester City.

Alhali ba haka muka taso ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutumin Raccah Rovers ne, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978, kuma har ya rasu idan ana hirar ƙwallo sai ya sako Mighty Jets ta Jos da Ranchers Bees ta Kaduna. Da rediyo a kunne ya san su, sai kuma ranar da ya samu sarari ya je fili. Ni ma na ga zamanin da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, bayan an yi 1-1 a gida aka je Alƙahira aka yi 2-2. Daren nan Kano ba ta yi barci da wuri ba. Na ga lokacin da ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Wanda ya taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar babban wasa, ya ji dubban mutane sun haɗa baki sun ce "Sai Masu Gida", ba zai yarda a ce masa mutanenmu ba sa son ƙwallon gida ba. To me ya hana ta shiga akwatin talabijin ta zauna?

Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma amsar da ta fi kwanta mini a rai a kasuwa na same ta, wurin masu shinkafa. Ka tuna yadda 'yar waje ta yi wa 'yar gida. Ta zo a wanke, ba tsakuwa, a buhu mai kyau, uwargida ba ta buƙatar tsincewa. Haka gasar Ingila take zuwa wa mai tashar talabijin. Can aka kafa kyamarori, can aka haɗa hoto da sauti, can aka biya mai sharhi, aka turo ta tauraron ɗan'adam a dafe. Shi nasa ya biya kuɗin haƙƙin nunawa ya buɗe tukunya. Wasan gida kuwa ɗanye ne. Duk wanda zai haska shi sai ya tayar da babbar motar watsa shirye-shirye da kyamarori da ma'aikata, ya sa su a hanya daga Legas zuwa Aba ko Jos ko Maiduguri, ya biya masauki, ya sayi dizal saboda ba ya dogara da wutar filin, ya yi addu'ar kada a ɗage wasan bayan ya isa. Ƙungiyoyi 20 ne, wasa 10 a kowane mako, 380 a kaka guda. Kafin ya sayar da talla ko ɗaya ya riga ya kashe kuɗi mai yawa.

Sai kuma maganar dala. Haƙƙin nuna wasannin Turai da kuɗin waje ake sayensa, amma ni da kai da naira muke biyan kuɗin wata. Duk ranar da naira ta faɗi, bashin mai tasha ya kumbura ba tare da ya ƙara ko mutum ɗaya a cikin masu kallo ba. A nan zai zauna ya duba abin da zai rage. Ba zai taɓa Ingila ba, don ita ce ta sa muka sayi dikodar tun farko. Abin da zai fara yankewa shi ne wanda ke cin kuɗi a hanya kuma ba wanda zai mayar da dikoda saboda rashinsa.

Mun ga wannan da idonmu. A 2007 wani kamfanin 'yan Najeriya, HiTV, ya ƙwace haƙƙin nuna gasar Ingila a ƙasar nan daga hannun DStv. Masu gidajen kallo suka yi ta rububin sayen sabuwar dikoda. A 2010 haƙƙin ya koma inda ya fito, kuma ba a daɗe ba kamfanin ya durƙushe. Kamfani guda sukutum ya rayu a kan ƙwallon wata ƙasa, ya mutu da ta kuɓuce masa. Bayan haka SuperSport ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 34 da hukumar da ke gudanar da gasar gida a lokacin, wato LMC. Wanda ya kalli wasannin shekarun nan zai tuna yadda abin ya fara kyau: ana nuna wasa kai tsaye, ana maimaita ƙwallo a hankali, alƙalin wasa ya san akwai ido a kansa. A 2016 naira ta faɗi daga wajen 197 a dala zuwa sama da 300, a 2017 kuma tashar ta janye. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan wanda ya saɓa wa wani. Ni dai abin da na lura da shi, ko mako ɗaya ba a fasa nuna Ingila ba a wannan shekarar.

Akwai wani abu da na ji wanda ya ba ni dariya, daga baya ya ba ni takaici. A Ingila kanta, ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma ba a haska ƙwallo kai tsaye a talabijin. Tsohuwar ƙa'ida ce tun shekarun 1960, kuma dalilinta shi ne kada mutum ya zauna a gida yana kallon manyan ƙungiyoyi ya ƙi zuwa filin ƙaramar ƙungiyar garinsu. Wato mutumin Liverpool da bai samu tikiti ba, ba zai ga wasan ƙarfe uku a ɗakinsa ba, amma yaro a Kurna ko Tudun Wada zai gan shi da naira ɗari biyu. Masu kayan sun kewaye gonarsu da shinge, suka turo mana awakin. Mu kuma muka buɗe musu ƙofa, har muka sa wasanninmu ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi, daidai lokacin da suke fito da mafi kyawun abin da suke da shi.

Kuma kada ka ɗauka kuɗinmu ƙaramin abu ne a wurinsu. A zagayen 2022 zuwa 2025, a karon farko, abin da gasar Ingila ta samu daga sayar da haƙƙin nunawa a ƙasashen waje ya zarce wanda ta samu a cikin gida. A Disambar 2023 ta sayar da na cikin gida kaɗai a kan fam biliyan 6.7 na shekara huɗu. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a teburinsu, wadda ta sha kashi har ta faɗi, tana tafiya da sama da fam miliyan 100. A nan kuwa Enyimba da ta ci gasa a 2023 naira miliyan 100 aka ba ta, Rangers ta Inugu a 2024 ta karɓi miliyan 150. Kai da kanka ka buga lissafin da canjin yau. A cikin wancan tulin na waje akwai ɗari biyun da yaran unguwarmu ke miƙa wa ƙanena, akwai kuɗin da nake biya duk wata. Ɗigo ne, amma da ɗigo tulu ke cika, kuma ba tulunmu ne ke cika ba.

Masu talla ma inda idanu suke can suke bi. Bankuna da kamfanonin waya da na lemo na ƙasar nan sun sha ƙulla hulɗa da ƙungiyoyin Ingila don su manna tambarinsu a allunan titi. Ba na ganin laifin ɗan kasuwa a nan. Sai dai abin ya zama zobe: ba a nuna wasan gida saboda babu masu talla, babu masu talla saboda babu masu kallo, babu masu kallo saboda ba a nunawa. Yaron da bai taɓa ganin fuskar ɗan wasa ba, ta yaya zai sayi rigarsa?

Gwamnati ta taɓa yunƙurin fasa zoben da doka. A 2020 hukumar kula da kafofin watsa labarai, NBC, ta yi wa ƙa'idojinta gyara, inda ta ce duk wanda ya sayi haƙƙin manyan wasannin waje sai ya kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na wannan kuɗin wajen sayen wasannin gida. A takarda abin ya yi daɗin ji. A 2022 wata babbar kotun tarayya a Legas ta soke gyaran. Ko da ma ba a soke ba, ina da shakka. Ana iya tilasta wa mai tasha ya saya, amma wa zai tilasta wa mutanen da ke kan bencin ƙanena su kalla?

Na san akwai mai karatun da tun ɗazu yake cewa a ransa, "Malam, daina ɗora wa Turawa, ku gyara kayanku." Ban ƙi ta taka ba. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne, kuma wanda albashinsa ke fitowa daga baitulmali ko an kalla ko ba a kalla ba, ba shi da dalilin damuwa da mai kallo. An yi shekarun da cin wasa a waje ya zama abin mamaki, fenariti a minti na casa'in ga masu gida ya zama kamar gado. An jefi alƙalan wasa, an tare motocin baƙi. Wasu filayen idan kyamara ta haska su sai ka rantse makiyaya sun kwana a ciki. Akwai kakar da ba wanda ya san ranar farawarta sai ana saura kwanaki. Mai tasha ba zai sayar wa mai talla wasan da shi kansa bai tabbatar za a buga ba. Sai dai ka lura, yawancin waɗannan cututtukan a duhu suke ƙiba. Alƙalin da ya san za a maimaita hukuncinsa sau biyar a gaban ƙasa baki ɗaya ba zai busa abin da zai busa a filin da babu kyamara ba.

Abin da ya hana ni yanke ƙauna shi ne wasu ƙasashen da su ma suke haukan Ingila kamar mu. A Afirka ta Kudu tun 2007 gasarsu ta sayar da haƙƙinta a kan rand biliyan 1.6 na shekara biyar. Ka ce ai su masu kuɗi ne. To Tanzaniya fa? A 2021 kamfanin Azam na can ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma da hukumar ƙwallonsu a kan shilin biliyan 225.6, kuma ranar da Simba da Yanga za su kara, ƙasar tsayawa take cak. Mutanen Darussalam suna da Arsenal ɗinsu da Manchester ɗinsu, amma zuciyarsu ta ɗauki biyu. A ganina abin da ya taimake su shi ne kamfanin ya ga cewa ƙwallon gida ita ce hajar da zai riƙe shi kaɗai, wadda ba sai ya yi gwanjonta da dala da manyan duniya ba.

Mu ma a ƙarshen 2023 StarTimes ta sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar da gasarmu, a kan kuɗin da ya ɗan haura naira biliyan ɗaya a shekara. Na yi murna a lokacin. Amma a canjin da dala ta haura naira 1,500, wannan bai kai dala miliyan ɗaya ba, kuma wasanni ƙalilan aka riƙa ɗauka a cikin goman kowane mako. Wasan ɗan ƙanwata bai shiga cikinsu ba a wancan makon, bai shiga ba a na gaba.

Kada ka ɗauka maganar ta tsaya a jin daɗin uwa. Da yaron ya zo hutu ya same ni a zaure, ya ce, "Kawu, akwai wani mai kai 'yan wasa waje da ya ce in tura masa bidiyon wasannina." Na ce to ka tura mana. Ya yi shiru, sannan ya miƙo mini wayarsa. Abin da ke ciki guntaye ne da abokinsa ya ɗauka daga cikin 'yan kallo, hoto na rawa, kan wani mai hula ya tare rabin fili. Wata uku ke nan ba a biya su albashi ba, ga shi yana maganar aure. Ahmed Musa daga gasar nan ya fita, bayan ya ci ƙwallo 18 a kaka guda yana Pillars, kowa ya san labarinsa. Sai na riƙa tunanin yara nawa ne masu ƙafa irin tasa suka yi wasansu suka gama ba wanda ya gani sai mutanen da suka je fili ranar.

A zagaye na biyu na kakar aka yi sa'a. Wani ma'aikacin ƙungiyarsu ya ce zai haska wasan ta Facebook da waya. Na gaya wa ƙanena. Ya yi ɗan tsaki, ya duba allonsa, ya ce wasan farko na ranar ba mai zafi ba ne, zai ba mu talabijin ɗin lungu, amma ƙarfe biyar da rabi zai karɓe abinsa. Mata ba sa shiga gidan kallo, don haka sai ya ciro talabijin ɗin gaba ɗaya, ya ɗora a babur ya kai tsakar gidan Hajiya, ya haɗa da wayarsa. Ni na sayi data.

Aka idar da la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Matan gida da na maƙwabta sun fi goma sha biyar, ga yara. Hoton daga nesa aka ɗauko shi, 'yan wasan kamar tururuwa, ba mai sharhi, sai muryar mai riƙe da wayar yana ta faɗa da wani da ke taka masa ƙafa. Sau uku hoton na tsayawa, wata ƙaramar da'ira na juyawa a tsakiya, Hajiya na tambaya ko an tashi ne. Yaron yana benci. Aka tafi hutun rabin lokaci yana benci. Ƙanwata ba ta ce komai ba, tana ta jan carbi.

Wajen minti na sittin aka yi canji. Ba a ga lamba ba, ba a ga fuska ba. Wani ɗan ɗigo ya shigo fili da gudu daga gefen hagu. Kafin ni ko ƙanena mu buɗe baki ta miƙe tsaye, mayafinta ya zame.

"Shi ne! Wallahi shi ne, ga gudunsa nan, kafaɗa ɗaya a sama, irin na babansa!"

Shi ɗin ne kuwa. Ya taɓa ƙwallo sau huɗu ko biyar a iya abin da muka gani, ɗaya ya bayar da kyau, ɗaya aka ƙwace. Duk taɓawa sai guɗa ta tashi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ana cikin haka wayar ƙanena ta fara ruri, yaron shagonsa ne, wai benci ya cika, mutane na tambayar ina talabijin na uku. Ya duba agogo, biyar da minti ashirin da biyar. Ya dubi yayarsa da ke tsaye a gaban akwatin, hannunta ɗaya a ƙirji. Ya kife wayar yaron shagon, ya ce mini a hankali, "Yaya, saura minti nawa a tashi?"

Na ce kamar ashirin.

Ya ce, "Su yi haƙuri da biyu." Ya gyara zama a bakin tabarma. Ni kuma na zaro wayata a ɓoye daga aljihu, na leƙa ko Arsenal ta fito da jerin 'yan wasanta.